Yadda Ake Shirya wa Malaman Sakandare Bita Kan Kimiyyar Nano da Kayan Kasuwa

Bita uku na halarta kan kimiyyar nano, wato nazarin abubuwa masu tsananin ƙanƙanta da ake aunawa da nanomita, kafin in fara shirya tawa a nan Jos, kuma duka ukun hanya ɗaya suka bi. A tara malamai a zaure, a kunna majigi, wani ya yi ta nuna hotunan abubuwan da babu mai taɓa riƙe su a hannu, a ci shinkafa, a raba satifiket. Ranar Litinin kowa ya koma ajinsa ya ɗora daga inda ya tsaya, kamar an shuka dusa. A ta ukun ma wuta aka ɗauke, janareto ya ƙi tashi, mai gabatarwa ya koma yana kwatanta mana hotunan da baki. Tun daga ranar na ajiye majigi. Duk abin da malami bai yi da hannunsa a wurin bita ba, ba zai yi shi a gaban ɗalibai ba. Ga yadda nake bi.

Mataki na farko: zaɓen mutane

Kada su wuce ashirin, kuma a ɗauko su bibbiyu daga kowace makaranta. Malami shi kaɗai idan ya koma, sati biyu zafin ke yi ya huce, amma idan su biyu ne ɗaya na jin kunyar ɗaya. A haɗa masu koyar da kemistiri, fizis da bayoloji, sannan lallai a samu malaman lissafi ko da uku ne. Za ka ga amfaninsu a gaba.

Ka rubuta wa shugabannin makarantu a fili cewa malamin da ke shiga aji kake so. In ba haka ba, da zarar an ji ƙamshin alawus, wanda ya fi kusa da ofis za a turo maka. Asabar biyu a jere ta fi kwana biyu a haɗe, domin a tsakani mutum zai gwada abu a ajinsa ya dawo da labari. Juma'a da Lahadi kuwa a Jos kada ma ka fara. Kuɗin mota a ba da shi kowace rana bayan an tashi, domin wanda ya taso daga Bukuru ko Rikkos da kuɗin aljihunsa ya zo.

Mataki na biyu: a fara da almakashi

Kowane malami zai iya rubuta maka a allo cewa nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan ɗaya na mita. Rubutawa daban, jin ƙanƙantar a jiki daban. Ka ba kowa siririn yanki na takardar A4, a tsawonta, wato santimita 29.7, da almakashi. Ya raba biyu, ya jefar da rabi, ya sake raba ragowar, yana ƙirgawa. Kafin su fara ka tambaye su sau nawa za a yanka kafin a kai nanomita ɗaya. Za ka ji dubu, za ka ji miliyan. Amsar 28 ce. Su kuwa a yanka na tara ko na goma almakashi zai gaza, abin da ya rage ya maƙale a yatsa. Nan ne ɗakin ke yin tsit.

Daga nan sai kwatance. Kaurin gashin kai guda kamar nanomita 80,000 ne. Jan ƙwayar jini kusan 7,000. Faɗin zaren DNA kusan 2. Farcen mutum yana tsiro kamar nanomita ɗaya a kowace daƙiƙa. Wanda na fi so shi ne wannan: da za a kumbura nanomita ya kai milimita ɗaya, wato ƙaramin layin nan na jikin rula, to mita ɗaya zai zama kilomita 1,000, kusan tafiyar Jos zuwa Legas.

A nan kuma ake kashe wani kuskure da na sha ji. Malami ya yi wa ɗalibai alkawarin zai nuna masu nano a madubin ɗakin gwaji, wato na'urar ƙara girman ƙananan abubuwa. Ba zai yiwu ba. Tsawon zangon hasken da ido ke gani tsakanin nanomita 400 ne zuwa 700, kuma madubi mai aiki da haske irin na yau da kullum ba ya bambance abin da ya gaza kamar nanomita 200. Na'urorin da ke kaiwa ƙasa da haka, wasunsu laluba suke yi da tsinke mai tsini, yadda mutum ke gane hanya da sanda a cikin duhu. Irin ta farko Gerd Binnig da Heinrich Rohrer ne suka ƙera a ɗakin binciken IBM na Zurik a 1981, suka samu kyautar Nobel a 1986. Tarihi minti goma ya isa: laccar Richard Feynman ta 1959, kalmar "nanotechnology" da Norio Taniguchi ya fara amfani da ita a 1974, sai Andre Geim da Konstantin Novoselov da suka ɓantaro girafin, shimfiɗar kabon mai kaurin ƙwayar zarra ɗaya, daga girafait, wato abin da ke cikin fensir, da salatif a Manchesta a 2004. Labarin salatif ɗin nan malamai na son sa, kuma yana rage masu tsoro.

Mataki na uku: me ya sa ƙarami ke canza hali

Kowace mai girki ta san dakakkiyar kanwa ta fi dunƙulalliya saurin narkewa. Daga nan za ka ɗauko zancen. Ɗan dunƙule mai kusurwa huɗu-huɗu, santimita ɗaya ta kowane gefe, faɗin jikinsa gaba ɗaya santimita murabba'i 6 ne. A yayyanka shi zuwa milimita ɗai-ɗai, ya zama 60. A kai shi nanomita ɗai-ɗai, ya zama mita murabba'i 6,000, ya kusa cika filin ƙwallo. Kada ka faɗa masu amsar, su lissafa.

Sai tebura uku, a riƙa zagayawa. Na farko ganyen gwaza, in babu shi ganyen kabeji na waje-waje, wanda masu sayarwa a Farin Gada ke zubarwa kyauta. A ɗiga ruwa, ya dunƙule ya gangara, ganye a bushe. A murza wurin da yatsa a sake ɗigawa, sai ruwan ya kama, domin an rushe ƙananan ƙurajen kakin da ke saman ganyen. Na biyu cokali da kyandir. A turara cokalin ya yi baƙi ƙirin, a tsoma a kofin gilashi, sai ya fito yana walƙiya kamar azurfa, saboda iskar da ta maƙale tsakanin ƙwayoyin baƙin hayaƙin. Na uku ruwa da ɗigon madara biyu, a haska da ƙaramar lesa irin ta jikin makulli, a ga hanyar hasken ɓaro-ɓaro, a ruwan gishiri kuwa ba a ganin komai. Lesar a hannunka za ta zauna, domin manya ma sai ka ga wani ya nufi idon abokinsa da ita. Idan akwai wanda ya yi makarantar allo, ka tambaye shi amfanin ƙaro a cikin tawada. Shi ke hana ƙwayoyin baƙin haɗuwa su kwanta a gindin kurtu, kuma matsalar da masu haɗa ƙwayoyin nano ke fama da ita ke nan har yau.

Mataki na huɗu: auna nanomita da rula

Wannan shi ne zuciyar bitar, kuma nan na sha kunya. Dabarar tsohuwa ce. Ɗigon mai idan ya sauka a kan ruwa mai tsabta, yana bazuwa har kaurinsa ya koma na ƙwayar sinadari guda. In ka san yawan man, ka auna faɗin da ya rufe, ka raba, kauri ya fito. Lord Rayleigh ya yi shi a Ingila a 1890 da man zaitun, ya samu kusan nanomita 1.6. A Jamus kuma wata mata, Agnes Pockels, wadda ba ta shiga jami'a ba, a ɗakin girkinta ta yi irin wannan bincike, aka buga shi a mujallar Nature a 1891. Ina ba da labarinta da gangan saboda malamai mata.

Kayan aiki: babban tire irin na talla, faɗinsa ya kai santimita 40, man zaitun ƙaramar kwalba, silin waya guda daga cikin tsohon kebul, gilashin ƙara girma, rula, da garin alli. Kwalba ɗaya za ta ishi makarantu goma, kada wani ya rubuta maka lita a lissafin kuɗi. Ban da kananzir, ban da baƙin mai.

A cika tiren da ruwa har baki, a bar shi ya natsu. A barbaɗa garin alli sama-sama. A lanƙwasa wayar, a tsoma a mai, a duba ɗigon a jikin rula da gilashi, a rage shi da wata wayar har faɗinsa ya zama rabin milimita. Sai a taɓa tsakiyar ruwan da shi. Garin zai ja da baya a take, ya bar da'ira wayam. Ɗigo mai faɗin rabin milimita, cikinsa kusan milimita kubik 0.065 ne. Idan da'irar ta yi faɗin santimita 20, filinta milimita murabba'i 31,400 ke nan. A raba, a samu kusan nanomita 2.

Ranar da na fara yi a gaban malamai, tire biyar, babu wanda ya yi. Ɗigon ya sauka ya zauna a tsakiya kamar idon kifi. Na sake, haka. Wata malama ta ce, "Malam, ko dai man naka jabu ne?" Aka yi dariya, ni kuwa gumi nake yi a cikin sanyin Disamba. Wani dattijo mai kula da ɗakin gwajin makarantar da ta ba mu aron wuri, wanda tun safe bai ce uffan ba, ya matso ya ce, "Malam, da me aka wanke tiren nan?" Na ce, "Da garin sabulu, Baba, ni da kaina na wanke." Ya ce, "To ai shi ne." Saboda neman tsabta na ɓata aikin. Ragowar sabulu, ko da ido bai gani ba, ya riga ya mamaye saman ruwan, man bai sami wurin bazuwa ba. Muka ɗauraye tire ɗaya sau shida da ruwa zalla, ya buɗe da'ira tun taɓawar farko.

Don haka dokokina ke nan. Sabulu kada ya kusanci tiren ranar aiki, a wanke tun jiya a yi ta ɗauraya. Yatsa kada ya taɓa ruwan, musamman lokacin hunturu da kowa ya shafa mai. Kowane gwaji da sabon ruwa, saboda haka a tanadi jarka biyu. Gari idan ya yi yawa da'irar za ta fito ƙarama mai yage-yage, girgiza dasta sau ɗaya daga sama ya isa. Hoda mai ƙamshi na daina amfani da ita. A rufe tagogi, a kashe fanka. Idan kuwa ka ga launin bakan gizo a saman ruwan, ko man ya kai bakin tire, ɗigon ya yi girma, kaurin ya kai ɗaruruwan nanomita, a zubar a sake. Da safiyar sanyi man na yin kauri, sai ka sa kwalbar a aljihu na ɗan lokaci.

Duk amsar da ta faɗo tsakanin 1 da 5 ka karɓa. Kada ka bari a gyara lamba don ta yi daidai da ta littafi, halin da muke hana ɗalibai ke nan. Wanda ya samu 200 ko 2,000 kuwa, galibi santimita ya cakuɗa da milimita. Aikin malaman lissafin nan ke nan, a raba su a tebura.

Mataki na biyar: ina zai shiga a manhaja

Tambayar da za a yi maka, ko ba a furta ba, ita ce: zai fito a WAEC ko NECO? Kada ka ce a buɗe sabon darasi, jadawali ya riga ya cika. A nemo masa gurbi a abin da ake koyarwa. Kanwa da dunƙule su shiga darasin saurin haɗuwar sinadarai. Girafin ya shiga nau'o'in kabon, kusa da girafait da lu'ulu'u. Tiren mai ya shiga darasin girman ƙwayar sinadari a fizis. Yankan takarda ya shiga rubuta manyan lambobi a taƙaice a lissafi. Asabar ta biyu kowane mutum biyu su koyar da darasin minti goma sha biyar, sauran su zama ɗalibai masu taurin kai. Kai ka zauna a baya ka yi shiru.

Mataki na shida: bibiya

Kowace makaranta ta tafi da ledar kayanta: waya, mai a ƙaramar kwalba, kyandir, gilashi. A buɗe zauren WhatsApp, a hana tura komai sai hoton aji. Satifiket ina riƙe shi sai malami ya turo hoton ɗalibansa a kan tire tare da lambar da suka samu, kuma na sha surutu a kan haka. Masu son ƙari ka haɗa su da reshen jiha na STAN, ƙungiyar malaman kimiyya ta Najeriya, ko sashen kemistiri da na fizis a Jami'ar Jos. Masu halin tafiya Abuja su rubuta wa cibiyar kimiyya ta Sheda ko jami'ar kimiyya da fasaha ta Afirka (AUST) su nemi izinin kai ziyara, amma a rubuta da wuri, kuma a fara lissafa kuɗin mota kafin a faɗa wa ɗalibai.