Yadda za ka sauke wa kanka nauyin "sai ka zama wani abu"

Yanzu a Kaduna kana buɗe waya da safe za ka ji kamar kai kaɗai aka bari a baya. Wannan ya ce ka koyi kirifto, wato kuɗin intanet, wancan ya ce ka tashi ƙarfe huɗu kamar masu kuɗin Amurka, ga abokin karatunka ya ɗora hoto cikin mota, ga Umma tana cewa ɗan wance ya kai uwarsa Umara. Mata kam nasu ya fi yawa, ki yi digiri ki yi sana'a ki rage tumbi ki iya girki ki kawo miji, duk a wuya ɗaya. Wallahi abin nan yana cin mutane, barci ya ƙaurace, zuciya ta riƙa bugawa, mutum ya daina zuwa majalisa da biki don kar a ce masa "me ake ciki yanzu?"

Fara da raba laifinka da na zamani. Ba kai ka rufe masaƙun Kakuri da suka ciyar da dubban gidaje ba, ba kai ka cire tallafin mai a Mayun 2023 ba. Wanda ke cewa talaucinka daga tunaninka ne kawai, duba da kyau, galibi akwai kwas ɗin da yake son ka saya. Irin zumuɗin nan ne ya jefa mutane MMM, tsarin damfarar nan na zuba kuɗi a ninka maka, a 2016.

Sai ka ɗauki abu ɗaya tak, ɗinki ne ko gyaran waya ko haddar da ka ajiye, ka ba shi wata uku ba ka ƙara wani ba. In ɗinkin ne je ka zauna gun mai shago a Kasuwar Barci, awa biyu kullum ta fi kwas biyar da ka biya ba ka buɗe ba, kuma ai hadisi ya tabbata cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kai ko da kaɗan ne.

Duk wanda kallon shafinsa ke sa ka raina kanka ka ɓoye shi, ba hassada ba ce, ba gaba ba ce. Bayan isha'i ajiye wayar, jiki na buƙatar barcin awa bakwai.

A gida kar ka yi musu, ka ce "Umma ga abin da nake koya, a sa min albarka." Iyaye sun fi samun natsuwa in suka ga hanya a fili.

Amma dan Allah in ka kai sati biyu cikin ƙunci, ba ci ba barci, ba abin da ke maka daɗi, ko ka fara jin gara ka mutu, wannan ba ragwanci ba ne. Ka gaya wa wanda ka yarda da shi yau ɗin nan, ku je asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a ga likita, addu'a kuma ana ci gaba da yi.