Yadda za ka shirya tafiyarka ta farko ƙasar waje tare da Baba ko Mama

Yawancin matasa in aka ce za a fita waje da su, tunaninsu bai wuce kayan da za su saka da hotunan da za su ɗauka ba, sauran kuma ai Baba ya sani. To ba kowane uba ne ya saba da tafiyar ba fa, wanda ma ya saba sai ka ga cike fom a intanet da harkar waya suna ba shi ciwon kai. Don haka tun yanzu ka ɗauki rabonka na aikin, kar ka zama jaka ta uku da ake ja a filin jirgi.

Fara da takardu, don su ne ke mayar da mutum gida tun bai ga jirgin ba. Ɗauko fasfo ɗinka da nasu ka duba ranar ƙarewa, ƙasashe da yawa suna son ya rage aƙalla wata 6. Ƙasashen Turai na yankin Shengen, irin su Faransa da Jamus, kuma wata 3 suke nema bayan ranar da za ku bar yankin, sannan in da biza za ku shiga sai da inshorar lafiya da za ta iya biyan kuɗin magani na aƙalla Yuro 30,000. Ka duba sunan da ke kan tikiti harafi bayan harafi ya zama daidai da na fasfo.

In ba ka kai shekara 18 ba kuma da ɗaya daga cikin iyayen za ka tafi, ku nemi wasiƙar amincewa daga wanda zai zauna a gida, da sa hannunsa da kwafin katin shaidarsa, ku haɗa da takardar haihuwarka, musamman in sunan ƙarshe a fasfonka ba ɗaya ba ne da na Mama. Ba rashin yarda ba ne, jami'an shige da fice suna tambaya ne saboda masu safarar yara. Wasu ƙasashen kuma suna neman katin rigakafin zazzaɓin shawara, shi kuma sai allurar ta kwana 10 katin yake fara aiki, kar ku bari sai ana gobe tafiya. Duk takardun nan ka ɗauke su hoto a wayarka da tasu, ka kuma buga kwafi a takarda.

Mataki na biyu shi ne wanda kowa ke tsallakewa, wato ku zauna ku yi magana kafin tafiya. A gida kowa da harkarsa, ka fita ka dawo, amma a can kuna tare daga safe har dare, wani lokaci ma ɗaki ɗaya, kai kana son yawo su kuma ƙafa ta gaji tun rana tsaka, kai kana son tsayawa ɗaukar hoto su suna duba agogo, ƙaramin abu sai ya zama ɓacin rai. Cikin ladabi ka tambaya, Baba me kake so lallai mu gani, nawa aka ware mini na kashewa, za a bar ni in fita ni kaɗai ko a'a? Kai ma ka faɗi naka guda ɗaya ko biyu, ba goma ba. Sai ku raba aiki, su riƙe kuɗi da fasfo, kai ka riƙe taswira a waya da adireshin masauki da lokutan jirgi. In suka yi kuskure a gaban mutane kar ka gyara musu da ƙarfi don ka fi su jin Turanci, ka matso kusa ka faɗa a hankali, wannan kam ko a ina ne.

Sai haɗa kaya. Kamfanonin jirgi da yawa kilo 23 suke ba babban akwati, amma abin da ke rubuce a tikitinku shi ne doka. Jakar hannu, duk abu mai ruwa irin turare da man shafawa kar kwalbar ta wuce mililita 100, akasarin filayen jirgi karɓewa za su yi. Pawa banki a jakar hannu yake tafiya, ba a sa shi cikin akwati saboda batirin yana iya kamawa da wuta. Magungunan iyaye ma a hannu, cikin kwalinsu, da takardar likita, don akwati yana iya makara. Ka nemi kan caja da zai shiga soket ɗin ƙasar, na Ingila daban, na Faransa daban, na Amurka daban. Kuma kar ka karɓi saƙon wanda ba ka sani ba, ko da kuka yake roƙo. Abin da aka samu a jakarka naka ne.

Ranar tafiya ku isa filin jirgi awa 3 kafin tashi. Za ku miƙa akwati a ba ku katin shiga jirgi, sai bincike, sai a buga fasfo, sannan ku nemi ƙofarku. Ka riƙa leƙa allon sanarwa don ana canza ƙofa, musamman in za ku sauya jirgi a hanya, kuma lokacin da ke kan tikiti agogon garin da filin yake ne. Kunne zai toshe in jirgi zai sauka, haɗiye yawu ko tauna cingam yana buɗe shi.

Da kun sauka za a tambaye ku me ya kawo ku, ina za ku zauna, yaushe za ku koma. Amsa gajera, ta gaskiya, kuma bakinku ya zo ɗaya, ban da wasa da jami'i. Tsabar kuɗi in ta kai Yuro 10,000 a Tarayyar Turai ko ta wuce Dala 10,000 a Amurka dole a sanar da kwastan, ka tuna musu tun a jirgi.

Na ƙarshe, tun daren farko ku tsara abin da za ku yi in kun rabu a cunkoso. Kowa ya sa katin otal a aljihu, ka haddace lambar wayarsu kar ka dogara da wayarka, ka sauke taswirar garin yadda za ta yi aiki ko ba data. Lambar gaggawa a Tarayyar Turai 112 ce, a Amurka da Kanada 911. In jirgin ƙasa ya rufe ƙofa ɗaya yana ciki ɗaya yana waje, na ciki ya sauka a tasha ta gaba ya tsaya nan, na waje ya hau mai zuwa ya same shi.