Yadda za a samu omega-3 daga kifin kasuwa domin lafiyar zuciya

Omega-3 wani nau'in maiƙo ne da jikin mutum ba ya iya haɗa shi daga tushe, sai dai ya same shi a abinci. Iri uku ne aka fi magana a kansu: ALA da ke cikin tsirrai, sai EPA da DHA da ke cikin kifi mai maiƙo. Waɗannan biyun ne suka fi taimakon zuciya, domin suna rage kitsen jini da likitoci ke kira tiragilisarayid, suna sassauta hawan jini kaɗan, suna kuma rage saurin dunƙulewar jini a jijiyoyi.

Aikin yana farawa ne daga wurin mai kifi, kuma a nan ne mutane da yawa ke kuskure, don suna ɗauka kifi duk kifi ne. Tarwaɗar kiwo da karfasa abinci ne mai gina jiki, amma omega-3 ɗinsu bai taka kara ya karya ba. Kifin ƙanƙara da wasu ke rainawa, wato taitus da shawa, shi ne mai arzikin, haka ma sadin na gwangwani. Giram 100 na taitus yana ɗauke da fiye da giram 1 na EPA da DHA, alhali hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta ce miligiram 250 a rana ya wadaci baligi. Ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka kuwa shawararta ita ce a ci kifi sau biyu a mako, yanka mai kusan faɗin tafin hannu kowane ci.

Idan an zo saye, a danna jikin kifin da yatsa. Naman mai kyau yana da tauri, fatarsa na sheƙi, cikinsa bai fashe ba. Wanda ya narke aka sake daskarar da shi, abin da yawan ɗauke wuta ke jawowa, yakan yi laushi, gefen cikinsa ya yi rawaya-rawaya, alamar maiƙon da ake nema ya fara lalacewa ke nan. Ƙarnin kifi daban, warin ruɓewa daban, kuma hanci ba ya rasa bambancewa.

A wajen girki, farfesu da gashi da jefa kifin cikin miya sun fi suya nesa ba kusa ba, musamman suyar da ake yi da man da ya yi baƙi saboda maimaici. Romon farfesun ma a shanye shi, don wani kaso na maiƙon a ciki yake. A kuma yi hattara da gishiri da ɗunƙulen ɗanɗano, domin ba dabara ba ce a ci kifi saboda zuciya sannan a cika shi da abin da ke tayar da hawan jini.

Wanda ba ya cin kifi zai samu ALA a awara da man waken suya, sai dai kaɗan ne jiki ke iya juyawa zuwa EPA, DHA kuwa ƙasa da haka. Man gyaɗa da riɗi omega-6 suke da shi, wato wani nau'in maiƙo daban da omega-3, kuma ba abin gudu ba ne, don idan suka maye gurbin kitsen nama da man shanu sukan rage mummunan kolestarol, wato kitsen da ke toshe jijiyoyin jini.

Saura ƙwayoyin man kifi da ake tallatawa a kemis. A ganina mai lafiya gara ya kai kuɗinsa wurin mai kifi. Binciken ASCEND da aka fitar a Birtaniya a 2018, kan masu ciwon suga fiye da 15,000, bai ga wata kariya ta a zo a gani ba daga shan giram 1 a rana. A shekarar ce binciken REDUCE-IT ya nuna raguwar matsalolin zuciya da kashi 25 cikin ɗari, amma da giram 4 na tataccen EPA, ga masu yawan tiragilisarayid da ke shan maganin kolestarol, wato magani ne na likita. Shan mai yawa irin haka yana iya jawo rikicewar bugun zuciya. Mai shan maganin tsinka jini irin warfarin ya sanar da likitansa kafin ya fara, mai juna biyu kuma ta guji man hantar kifi saboda yawan bitamin A da ke cikinsa.