Kurakuran da ake yi wajen rufe gona da kara idan an bar huɗa

Manoma da dama a Kano da Jigawa sun ji labarin noman da ba a huɗa: a bar ƙasa yadda take, a lulluɓe ta da kara ko tattaka, a sara da sungumi a shuka. Wasu sun gwada damina ɗaya, suka ga gero ya yi rawaya ya tsumbure, suka koma garma suna cewa abin bai dace da ƙasarmu ba. A ganina hanyar ba ta da laifi, wajen bin ta ne aka kuskure.

Kuskuren da ya fi cin mutane shi ne a shimfiɗa busasshen kara zalla a ɗauka an zuba taki. Kafin shuka ta amfana da shi, sai ƙananan halittun cikin ƙasa, bakteriya da funfuna, sun ci shi sun narkar. Su kuma ba sa iya wannan aiki sai da sinadarin naitirojin. Abincin da ya dace da su yana da kashi 1 na naitirojin a kan kusan kashi 24 na kabon, wato sinadarin da ke da yawa a busasshen kara, alhali tattakar alkama tana kai wa kashi 80 na kabon a kan 1 na naitirojin. Abin da suka rasa a tattakar sai su ɗebo daga ƙasa, daga rabon shuka. Kamar bashi ne, za su biya idan sun mutu sun ruɓe, amma ba a makonnin farko da gero ke neman tashi ba. Abin ya fi tsanani idan aka binne karan, don haka a bar shi a sama. A gauraya shi da harawar wake ko ta gyaɗa idan da hali, ko a fara watsa takin awaki kafin a shimfiɗa. Mai sa yuriya kuma kada ya watsa ta a kan kara, iska da karan ne za su raba ta. Ya ɗaga karan, ya tona gefen shuka, ya zuba ya rufe.

Ƙona tattakar shinkafa a Kura, Kadawa da Auyo don a samu saurin shuka alkama, da wutar sassabe a gonakin tudu, duk asara ce. Naitirojin da kabon suna bin hayaƙi, toka kaɗai ke saura, ita ma iska ta kwashe wani sashe nata.

Sai batun gara, wanda ya fi damuna. Mutum ya ga gara ta hau karan da ya shimfiɗa, sai ya ruga neman magani. Ɗan'uwa, tsaya tukuna. Ka je gonar a watan Agusta ka ɗaga kara ɗaya ka duba ƙarƙashinsa. Za ka tarar da ƙasa mai sanyi da danshi, baƙa-baƙa, da ƙananan ramuka, da wani farin zare-zare manne da karan, wani lokaci har da tana. Ramukan nan gara ce ta haƙa, ta nan ruwan sama ke nutsewa maimakon ya gudu da ƙasarka. Manoman Burkina Faso da Nijar da gangan suke zuba taki da ciyawa a ramuka don su jawo gara ta fasa musu fako. Gaskiya ne takan taɓa gyaɗa da masara, musamman idan ruwa ya ɗauke shuka ta galabaita. Maganin wannan shi ne kada a tara kara a gindin shuka, a bar tazarar tafin hannu.

Farin zaren nan kuwa funfuna ce mai cin kara. Akwai wata 'yar'uwarta da ido ba ya gani, wadda ke haɗuwa da saiwar dawa da gero tana jawo musu sinadarin fosfaras daga inda saiwa ba ta kai ba. Garma tana tsinke zarenta. Shi ya sa wanda ya rufe gona bana, baɗi ya huɗe, ya sake rufewa, kullum yana komawa farko ne. Ƙasa tana bukatar damina uku ko fiye kafin bambanci ya fito sosai, kuma ciyawa takan yi yawa a farko, dole a tsaya mata da fartanya a sama-sama ko da magani.

Wasu kuma sukan watsa kara jefi-jefi su ce sun rufe. Ma'aunin da hukumar abinci ta duniya, FAO, ta sa shi ne aƙalla kashi 30 cikin 100 na fuskar ƙasa ya kasance a rufe. Na san inda gizo ke saƙa: kara abincin dabbobi ne, danga ne, makamashi ne, kuma abin da aka bari a fili shanu da iskar hunturu ba sa barinsa ya kai bazara. To, kada a ce sai duk gona. A ware gefen da ya fi gajiya a rufe shi da kyau. Wajen girbi a yanke kara sama-sama a bar kututture a tsaye, yana tare yashi. A kuma yi magana da makiyaya a gaban mai unguwa tun kaka, kafin dabbobi su shigo.

A kula da abin da ake shimfiɗawa. Tsutsar kara tana kwana rani a cikin karan dawa da na gero, kuma wanda aka jingine a inuwa ya fi raya ta. Wanda aka baje ƙasa rana ta dake shi, yawancinta mutuwa take. Kada a kwaso kara daga gonar da wuta-wuta ta yi iri, kuma a riƙa juya shuka, inda dawa ta zauna bana wake ko gyaɗa su zauna baɗi. A fadama mai riƙe ruwa a rage kaurin shimfiɗa, domin danshi idan ya yi yawa tsiro ruɓewa yake, ɓeraye kuma su samu maɓoya.