Babi na 5: Zuma da Kumburin Rauni

Darasi na 1

Idan ƙaya ta soke mutum a gona, kafin yamma wurin zai yi ja, ya tashi, ya ɗauki zafi, ya riƙa zogi. Wannan shi ake kira kumburi. Ku rubuta kalmar a hankali, gaɓa-gaɓa: kum-bu-ri. Wanda hannunsa ya yi rawa kada ya ji kunya, ya sake.

A cikin jininmu akwai fararen ƙwayoyi waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita, kuma su ne masu gadin jiki. Da an ji rauni sai su taru a wurin, su haɗiye ƙwayoyin cuta, su kuma fitar da wasu sinadarai na kiran 'yan'uwansu. Kumburin kwana biyu ko uku alamar aikinsu ce, amma idan ya daɗe, sinadaran nan sukan fara cin lafiyayyen nama har ƙaramin miki ya zama gyambo.

A nan zuma take shigowa. Masu bincike sun zuba ta a kan waɗannan fararen ƙwayoyi a ɗakin gwaji, sun ga wasu sinadarai da ƙudan zuma ke kwasowa daga furanni suna rage yawan wannan kira. Ban da haka, kusan kashi 80 cikin 100 na zuma zaƙi ne, ruwanta bai kai kashi 20 ba, saboda haka tana janye ruwa daga rauni, ƙwayoyin cuta su rasa wurin hayayyafa.

Darasi na 2

Wannan darasi na ƙaramin rauni ne da ƙunar da ta tsaya a saman fata kawai. Mataki na farko shi ne wankewa. A wanke hannu da sabulu, sannan a wanke raunin da ruwa mai tsabta. Idan ƙuna ce, a yi ta kwarara mata ruwan sanyi har minti 20, ba ƙanƙara ba, ba man gyaɗa ba. Bayan haka ne za a shafa zuma a kan tsabtataccen bandeji, a ɗora a kan raunin, a ɗaure ba da ƙarfi ba, a canza kullum.

Ku koma ku karanta matakin farko. A wanke tukuna. Na sha koyar da wannan a azuzuwan yaƙi da jahilci a nan Bauchi, kuma duk lokacin da na ce a gwada, sai in ga hannu ya riga ya kai ga kwalbar zuma, butar ruwa na gefe ba a taɓa ta ba. Iyayena mata, zuma ba ta ɗauke ƙasa da yashi, rufe su kawai za ta yi a cikin raunin. Ruwa kafin zuma. Ku rubuta wannan jimla sau 5. Na faɗa a makon jiya, na faɗa yau, wanda ya sake tsallakewa ba mantuwa ba ce, gaggawa ce, kuma jikin ɗansa ne zai ɗanɗana.

Rauni mai zurfi, ko mai wari, ko wanda ya zo da zazzaɓi, ko miki a ƙafar mai ciwon suga, a kai shi asibiti a ranar.

Darasi na 3

Zumar da aka haɗa da dafaffen sukari ba za ta yi wannan aiki ba, wadda aka tafasa ma ƙarfinta ya ragu. In za ku saya a kasuwar Muda Lawal ko Wunti, ku nemi wanda kuka san yana da amya.

Darasi na 4

Ba a ba yaron da bai cika shekara 1 ba zuma, ko da a ruwan jiƙo ne, domin takan ɗauko wata ƙwayar cuta mai shanye jikin jariri. Ku kwafe wannan a littafinku.