Sauya tsohuwar regileta da ta zamani: kurakuran da na gaji da gani

Wanda ya taɓa ɗaga murfin regiletar tsohuwar mota mai dainamo, wato akwatin da ke daidaita wutar da dainamo ke haifarwa don cajin batir, ya san abin da ke ciki: koyil biyu ko uku, 'yan kwantak masu buɗewa da rufewa ba hutu, da sukurorin saiti da kowane bakanike ya taɓa murɗawa son ransa. Kwantak ɗin suna cinyewa, saiti yana gocewa, fitila tana ƙyaftawa. Don haka ban ga laifin wanda ya kwashe kayan cikin ya sa na lantarki mai tiransisto ba, musamman da yake ana iya ɓoye shi a cikin tsohon akwatin, motar ta ci gaba da kamanninta na asali. Ni ma haka nake yi. Abin da ya ishe ni shi ne yadda sababbin shiga ke ɗaukar aikin kamar canza ƙwan fitila. Tsohuwar regileta tana da haƙuri, kana cutarta tana aiki. Sabuwar ba ta san haƙuri ba, kuskure ɗaya ne ta mutu, kuma ba za ka gani da ido ba.

Bari in fara da wanda ya ci mini regileta biyu a rana ɗaya.

Yawancin motocin Ingila har zuwa tsakiyar shekarun 1960 kan fozitif na batir ne ake ɗaurewa a jikin mota, ba negatif ba. Motar MGB ba ta koma negatif ba sai a 1967. A Amurka ma Ford ta zauna a kan volt 6 da fozitif a jiki har 1955, sai a 1956 ta koma volt 12 da negatif. Koyil da kwantak ba ruwansu da ta ina wuta ta biyo. Dayod da tiransisto kuwa hanya ɗaya suka sani. Saboda haka kafin ka sayi komai, ka je da kanka ka duba wane kan batir ne a jikin motar. Kada ka dogara da littafi ko shekarar ƙira, domin motar da ta haura shekara hamsin ta bi ta hannun mutane da yawa, wataƙila wani ya juya ta tuntuni bai gaya wa kowa ba.

Ni na san wannan, kuma duk da haka na faɗa. Mota ce mai fozitif a jiki, na yanke shawarar mayar da ita negatif. Na juya batir, na musanya wayoyin koyil ɗin wuta, na musanya na mitar caji, na ɗaura sabuwar regileta, ina ta jin daɗin kaina. Abin da na manta shi ne dainamo yana riƙe ɗan ragowar maganaɗisu a ƙarfensa, kuma da shi yake fara haifar da wuta. Nawa yana nan da tsohon halinsa. Ina tayar da inji ya turo wuta a juye, jar fitilar caji ta ƙi mutuwa, wani ɗan wari ya taso. Shi ke nan ta ɗaya. Na gane laifina, na ɗauko ta biyu wadda na ajiye wa wata motar, na ɗaura. Sai na ce to bari in gyara maganaɗisun, na jawo waya daga batir na dangwala a kan F, wato kan dainamo da ke zuwa koyil ɗin maganaɗisunsa, alhali wayoyin regileta suna haɗe. Wutar da na nufi dainamo da ita ta bi waya ta koma cikin regileta. Ta biyu ke nan. Ranar ban yi wa kowa magana ba har dare.

Ga yadda nake yi tun daga lokacin, kuma ba na tsallakewa ko da ban juya batir ba. A dainamon Lucas, kamfanin kayan wutar motocin Ingila, ina cire wayar D, wadda wutar caji ke fita ta cikinta, da ta F daga jikin dainamon gaba ɗaya, in naɗe bakinsu. Sai in ɗauko waya daga kan batir ɗin da ba a ɗaure a jiki ba, in taɓa ƙaramin kan nan na F sau biyu ko uku, taɓawa kawai, in ga ɗan tartsatsi. Bayan nan ne regileta za ta zo kusa da motar. A dainamon Bosch irin na Volkswagen Beetle hanyar daban ce: a sauke bel, a cire wayoyi, a haɗa DF (shi ne F na Bosch) da jiki, a kai fozitif kan D+ (shi ne D ɗinsa) na ɗan lokaci kaɗan, za ka ga dainamon ya juya da kansa. In ka yi wa Bosch irin na Lucas, ko Lucas irin na Bosch, ka ɓata lokacinka ko ka ɓata kayanka.

Wannan bambancin shi ne tushen kuskure na gaba. Dainamo iri biyu ne ta fuskar koyil ɗin da ke ba shi maganaɗisu. A wani, koyil ɗin yana samun wuta daga cikin dainamo, regileta ce ke kai ɗaya bakin zuwa jiki. Ana kiransa tsarin A, kuma shi ne na Bosch ɗin Beetle da yawancin Delco-Remy. A ɗayan, bakin koyil ɗin a ɗaure yake da jiki tun daga ciki, regileta ce ke ba shi wuta. Wannan tsarin B ne, na Lucas. Regiletar A ba za ta tuƙa dainamon B ba ko da volt ɗinsu ɗaya ne, ko da akwatin ya zauna daram a mazauninsa. Gwajin ba wuya: ɗaga burushin gawayin daga kan amica, wato ɓangaren da ke juyawa a cikin dainamo, sa mita tsakanin F da jikin dainamo. In ta karanta, B ne. In ba ta karanta ba sai tsakanin F da D, A ne. Ka tabbata ka ɗaga burushin, in ba haka ba wuta za ta zagaya ta cikin amica mita ta yi maka ƙarya. Kuma tun da mitar tana hannunka, dubi adadin. Koyil ɗin dainamon Lucas C40 wajen ohm 6 yake bayarwa. In ka ga 3 ko 4, wayoyinsa sun haɗu a ciki, zai ja wutar da ta wuce kima ya ƙona tiransisto, kai kuma ka zauna kana zagin wanda ya sayar maka.

Yanzu ga wanda ya fi ba ni haushi, domin masu yinsa suna ɗauka wayo suka yi. Mutum ya ga regileta mai amp 22 da mai amp 30, ya ce ai babbar ta fi. Malam, ba regileta ke haifar da wuta ba, dainamo ne! Altaneta, wadda ta gaji dainamo a motoci, tana da iyakar da ba ta iya wucewa, ita ke tsayar da kanta. Dainamo ba shi da wannan hankalin. In ka roƙe shi abin da ya fi ƙarfinsa zai ba ka, ya yi ta bayarwa har ya narke. Shi ya sa regiletar Lucas RB340 take da koyil uku, ɗaya aikinsa kawai taƙaita amp. C40 amp 22 ne ƙarfinsa, C42 kuwa 30. Na taɓa ɗora wa C40 regileta mai sakin 30, na ƙara manyan fitilu, ga batir da ya kwana biyu bai ga caji ba, na kama hanya da dare. Tafiyar ba ta yi nisa ba jar fitila ta kawo. Da na kwance dainamon washegari, sai ga dalma ta yi zobe a cikin gangar jikinsa, wadda ta narke daga inda wayoyin amica ke manne da tagullar da burushi ke gogawa, juyi ya watsar da ita. Jiki magayi. Sai da aka sake naɗa amicar. Abin takaicin shi ne lambar dainamon tana nan a buge a jikinsa, tsumma da ɗan kananzir kawai take nema in karanta. Ni yanzu amp ɗaya ko biyu nake ragewa ƙasa da abin da aka rubuta, domin ƙarfen da ya tsufa ba ya fitar da zafi kamar sabo. Wasu na cewa tsoro ne ya yi mini yawa. To, ba su ne suka biya kuɗin naɗi ba. In kana son fanka ta lantarki da manyan fitilu da rediyo mai ƙarfi, altaneta kake nema, ka daina wahalar da tsoho.

Akwai kuma masu buɗe tsohon littafin gyara su ga an ce a saita regiletar Lucas RB106 a kan wajen volt 16, sai su murɗa sabuwar zuwa can. Wancan adadin ana auna shi ne da batir a ware, ba kaya a kai, kuma tsarin tsohuwar yana saukar da shi da zarar wuta ta fara gudana. Ta lantarki abin da ka saita shi za ta riƙe. A kan batir ake aunawa, inji yana gudu sama da sulo, a nemi 13.8 zuwa 14.4. Mai volt 6 kuwa wajen 7. Ka bar ta a 16 ka ga yadda batir zai tafasa ya ƙone ƙwayayen fitila.

Wayar jiki ma tana jawo irin wannan tafasar. An yi wa mota sabon fenti, an ɗaure regileta a kansa, fentin ya hana ta haɗuwa da jiki sosai, tana auna wuta da ma'aunin da ya karkace. Ni ba na yarda da sukurori, waya nake ja ta musamman daga E, kan regileta da ke zuwa jiki, zuwa jikin dainamo, in kankare wurin har ƙarfe ya yi haske.

Sauran ƙanana ne, amma ana yinsu kullum. A RB106 kan A da A1 a haɗe suke ta cikin koyil, in ka kwashe kayan ciki ba ka haɗa su ba, mota ba fitila ba wutar tashi. Kada ka cire kan batir inji yana aiki wai kana gwada caji, wannan gwajin zamanin kwantak ne. Cire wayoyin regileta kafin walda. In za a jona maka batir, kai ka riƙe wayoyin, domin mai taimakon bai taɓa ganin mota mai fozitif a jiki ba. Kada ka manna regileta kusa da bututun hayaƙi. Wasu regiletocin ta jar fitilar dashbod suke samun wutar farawa, ka sa LED a wurin ƙwan asali caji ya ƙi tashi. In ka juya batir, tuna da agogo da rediyo da famfon mai in akwai dayod a cikinsa. Kik dai ba ruwansa, yadda yake juyawa haka zai ci gaba.

Sai masu sayen regileta don maganin ciwon da ba nata ba. Burushi ya cinye, bel ya saki, tagulla ta yi baƙi, duk an ɗora wa regileta. A Lucas, cire wayoyin biyu, haɗa D da F da guntuwar waya, sa mita zuwa jiki, tayar da inji ka ɗan taka kaɗan. In allura ta hau da sauri, dainamo lafiya lau, amma kada ka bari ta wuce volt 20. In ta tsaya a ƙasa, mayar da sabuwar regiletar cikin kwalinta ka kwance dainamo tukuna. Kuma ko an gyara komai, a sulo jar fitilar za ta iya ɗan haskawa, don dainamo ba ya caji sosai in inji yana tafiya a hankali, kowace irin regileta ka ɗaura masa.