Yadda ɗalibin kimiyya a Saudiyya zai nemi gurbin bincike na hutun bazara

Gurbin binciken bazara tun cikin sanyi ake nemansa. Wanda ya bari sai an gama jarrabawar ƙarshen shekara sannan ya fara cigiya, zai tarar yawancin wuraren sun rufe karɓar takardu tun Janairu ko Fabrairu. Wannan bayani na 'yan'uwanmu ne masu karatun digirin farko a kimiyya, injiniyanci ko kwamfuta a Jami'ar Sarki Abdul'aziz ta Jidda, Ummul Ƙura ta Makka, Ɗaiba ko Jami'ar Musulunci ta Madina. Abin da ake nema shi ne wani farfesa ya karɓe ka a ɗakin bincikensa na wasu makonni ko watanni, ya danƙa maka ɗan aiki na gaske, a ba ka masauki da kuɗin kashewa. Ga mai burin digiri na biyu ko na uku a waje, wannan zaman ya fi satifiket goma na kwasa-kwasan intanet amfani, domin daga nan ake samun wanda zai tsaya maka shaida.

Na farko: duba fasfonka kafin ka duba makinka

Mu Hausawan ƙasar nan ba takarda ɗaya muke riƙe da ita ba. Akwai mai jinsiyya, wato takardar zama ɗan ƙasar Saudiyya. Akwai wanda a Makka ko Jidda aka haife shi, Larabcin Hijaz a bakinsa, amma fasfonsa na Najeriya ne ko Nijar ko Chadi ko Sudan, yana zaune da iƙama, wato katin izinin zama. Akwai kuma ɗalibin minha, wato mai tallafin karatu, da ya zo daga gida. Kowane shiri yana da wanda yake karɓa, kuma wannan layin ne za ka fara karantawa a shafinsu.

Misali, shirin binciken bazara na REU na Amurka da ake yawan turowa a zaurukan WhatsApp, hukumar kimiyya ta ƙasar, NSF, ce ke biyan kuɗinsa, kuma 'yan Amurka da masu izinin zama na dindindin a can kaɗai take biya wa. Shirin RISE na hukumar musayar ɗalibai ta Jamus, DAAD, kuwa na ɗaliban jami'o'in Amurka, Kanada, Birtaniya da Ailan ne. Kada ka kashe dare a kansu. Haka nan a watan Yunin 2025 Amurka ta sa Chadi da Sudan cikin ƙasashen da ta rufe wa ƙofar biza, daga baya matakin ya shafi wasu ƙasashen Afirka ta Yamma. Mai irin wannan fasfo ya binciki halin da ake ciki kafin ya sa rai da Amurka.

Na biyu: zaɓi wuri uku ko huɗu

A ganina, mai zaune a ƙasar nan ya fara da abin da ke bakin ƙofarsa. Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Sarki Abdullah, wato KAUST, tana garin Suwal, a gaɓar Bahar Maliya, kimanin kilomita 80 arewa da Jidda. An buɗe ta a 2009, digiri na biyu da na uku take koyarwa, da Turanci, maza da mata tare. Tana da shirye-shiryen da ta keɓe wa 'yan ƙasa, sannan tana da VSRP, shirin bincike na ɗalibai baƙi, wanda ɗan kowace ƙasa zai iya nema. A VSRP ana ɗaukar ɗalibin shekara ta uku ko ta huɗu, ko mai digiri na biyu, na wata 3 zuwa 6, a ba shi ɗaki da inshorar lafiya da dala 1,000 a wata. Makin da suke nema shi ne 3.5 cikin 4. Ayyukan da ke akwai an jera su a shafin shirin, kowanne da sunan farfesansa: murjanin teku, tace ruwan gishiri, hasken rana, noman ƙasa mai fari, lissafi a kan babbar kwamfutarsu Shaheen. Abin lura shi ne wata ukun nan sau da yawa ya fi tsawon hutunmu. Idan kwalejinku tana da tadribi, wato horon aiki, na dole, je ka tambayi mai kula da shi ko za a ƙirga maka zaman KAUST a madadinsa, kuma ka karɓi amsar a rubuce.

Mai karatun fiziks, lissafi, kwamfuta ko injiniyanci ya duba shirin bazara na CERN, cibiyar binciken fiziks ta Turai da ke Janiba a Suwizalan, inda aka gano ƙwayar Higgs a 2012. Zaman mako 8 zuwa 13 ne, akwai lacca da safe, sauran wunin kana tare da rukunin da aka sa ka. Suna so ka kammala shekara uku ta jami'a kafin lokacin zuwa, suna rufe karɓa a ƙarshen Janairu, kuma suna ɗaukar ɗalibai daga ƙasashen da ba mambobinsu ba. Cibiyar kimiyya da fasaha ta OIST da ke Okinawa a Japan sau biyu take karɓar takardu a shekara, Afrilu da Oktoba. Shi kuwa shirin SURF na jami'ar Caltech a Kalifoniya ta Amurka, mako 10 ne, kuma tsarinsa dabam: kai za ka fara samo farfesan da ya yarda da kai, ku tsara aikin tare, sannan ka miƙa takarda a Fabrairu. Ranakun da adadin kuɗin sukan sauya, don haka ka kwafo na bana daga shafinsu ka liƙa a bangon ɗakinka.

Na uku: haɗa takardu

Sijilin makinka, wato takardar jerin sakamakonka, da Turanci, mai hatimi, daga ofishin karɓa da rajista. Takardar ifada da ke nuna har yanzu kai ɗalibi ne. CV shafi ɗaya. Sakamakon jarrabawar Turanci ta IELTS ko TOEFL idan an nema, shi kuma shekara biyu yake aiki.

Abu biyu ke kayar da mutane a nan. Jami'ar Sarki Abdul'aziz a kan 5 take ƙirga mu'addali, wato matsakaicin maki, ta Sarki Fahad da ke Zahran a kan 4. Idan naka a kan 5 yake, rubuta shi yadda yake, misali 4.6 cikin 5, kada ka juya shi da kanka sai in fom ɗin ya ce a juya ya kuma faɗi yadda za a yi. Na biyun shi ne suna. Fasfo ya ce Muhammad Sani, sijili ya ce Mohammed Thani, iƙama kuma ta ƙara sunan kaka. A wajenmu duk mutum ɗaya ne, amma ma'aikaciyar da ke duba takardu a Janiba ba ta san haka ba. Ɗauki fasfonka ka je ofishin rajista su daidaita rubutun Turancin kafin a buga sijilin.

Na huɗu: wasiƙar shaida

Nan ne ake cin nasara ko a faɗi. Masu nema da yawa makinsu ya kai, don haka abin da ke raba su shi ne abin da malami ya faɗa a kansu. CERN wasiƙa biyu take nema, sauran ma ɗaya zuwa uku ne. Kuskuren da ake yi shi ne a tafi wajen shugaban sashe ko amidi, wato shugaban kwaleji, saboda girman kujerarsa. Mutumin da bai san fuskarka ba layi huɗu zai rubuta: ɗalibi ne mai ladabi, yana zuwa aji, ya ci maki kaza. Irin wannan wasiƙa ba ta ɗaga kowa. Malamin da ya ga ka tsaya bayan an tashi ɗakin gwaji kana sake awon da bai fito daidai ba, shi ne mutuminka, ko da ƙaramin malami ne.

Tun ran gini ran zane. Idan kana shekara ta biyu, fara zuwa ofishin malami a sa'o'in da ya ware, da tambaya ta gaske. Nemi ya sa ka cikin wani aikinsa, ko da jera bayanai ne a kwamfuta. Idan lokacin roƙon ya zo, je da ƙafarka, aƙalla mako huɗu kafin ranar rufewa. Bayan sallama sai ka ce: "Duktur, ina neman shirin bazara na CERN, suna rufewa ƙarshen Janairu. Na ɗauki darasinku na lantarki bara, ni ne na yi aikin na'urar auna zafi. Za ku iya rubuta mini wasiƙa mai ƙarfi?" Idan ya yi jim ya ce bai san ka sosai ba, yi godiya ka nemi wani. Idan ya amsa, miƙa masa takarda ɗaya mai ɗauke da sunan shirin, ranar rufewa, darussan da ka yi da shi da abin da ka yi a cikinsu. A tabbatar wasiƙar da Turanci take, a kan takardar jami'a, kuma imel ɗinsa na jami'a za ka sa a fom. Saura mako ɗaya, tuna masa cikin ladabi. A shekarun nan ƙarshen lokacin neman yana haɗuwa da hutun tsakiyar shekara da shigowar azumi, malamai kan yi wuyar gani.

Na biyar: bayanin kanka da saƙon farfesa

Kada ka buɗe da cewa tun kana yaro kake son kimiyya. Kowa haka yake rubutawa. Faɗi abu guda da ka yi da hannunka, inda ya ƙi, da yadda ka gyara. Ɗalibar da ta rubuta cewa ta auna gishirin ruwan tanki a gidaje biyar na unguwarsu, sakamakon ya yi ta bambanta, har ta gano ba ta wanke na'urar tsakanin awo da awo, ta nuna ta san bincike fiye da mai jero sunayen manyan darussa. Daga nan sai ka haɗa shi da aikin da kake nema, ka faɗi abin da ka iya: Python, MATLAB, aikin ɗakin gwaji, da gwargwadon iyawarka a kowanne. Abin da ba ka iya ba kada ka sa, za a tambaye ka.

Inda ake bukatar tuntuɓar farfesa, karanta taƙaitawar maƙalunsa biyu na baya-bayan nan, sannan ka rubuta layi shida ko bakwai: wane ne kai, wace jami'a, wace maƙala ka karanta da abin da ya ja hankalinka a ciki, watannin da kake da sarari. Dogayen addu'o'i da kirarin da muka saba buɗe wasiƙar Larabci da su, a bar su a nan. Kada kuma ka tura saƙo ɗaya ga mutum ashirin a sashe guda, suna hira da juna. In mako biyu ya wuce shiru, sake taɓa shi sau ɗaya. Manhajar ƙirƙirarriyar basira za ta iya gyara maka nahawu, amma in ita ta rubuta duka, mai karatu yakan gane tun layin farko.

Na shida: turawa

Tura kwana biyu kafin rufewa, ka kuma duba da agogon wane gari suke ƙirgawa. Lokacin sanyi muna gaban Janiba da awa 2, muna gaban Kalifoniya da awa 11.

Na bakwai: idan an kira ka

Wasu wuraren sukan yi hira ta bidiyo, minti ashirin ko talatin. Sake karanta abin da ka rubuta, ka shirya tambaya ɗaya a kan aikin. Idan an tambaye ka abin da ba ka sani ba, ce ba ka sani ba, sannan ka faɗi ta inda za ka fara nemansa.

Mai tafiya waje da iƙama yana bukatar bizar fita da dawowa. Wanda ke ƙarƙashin mahaifinsa, mahaifin ne zai fitar masa ta manhajar gwamnati ta Abshir, ɗalibin minha kuma ta ofishin jami'arsa. Iƙamar ta kasance da sauran kwanaki har bayan ranar dawowa. Bizar Shengen ta shiga ƙasashen Turai tana so fasfo ya rage aƙalla wata 3 bayan ranar barin Turai, don haka in naka ya kusa ƙarewa, je ƙaramin ofishin jakadancin ƙasarku a Jidda tun ranar da ka tura takardu, kada ka jira amsa.

Sai maganar gida. Samarinmu da yawa a Makka da Madina da aikin mausimin Hajji suke tara abin da za su riƙe kansu da shi, wasu ma gidan na dogara da shi, kuma lokacin yakan yi kusa da farkon waɗannan shirye-shirye. Zauna da Baba da Umma tun watan Disamba, ka nuna musu kuɗin da shirin ke biya da ranar farawa. Ke kuma 'yar'uwa, idan tafiya Turai za ta yi wa iyaye nauyi, fara da Suwal: nuna musu hoton masaukin da sunan farfesan, ki gaya musu daga Jidda tafiyar kusan awa ɗaya ce a mota, za ki iya zuwa gida ranar Juma'a ki koma Asabar da yamma.